Sabon faifai, tsohon kiɗa: amsoshin tambayoyinku kan AC/DC da kundin Power Up

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan ƙungiya ɗaya, AC/DC, makaɗan rok mai kauri da wa da ƙani, Malcolm da Angus Young, suka kafa a birnin Sidni na Ostareliya a 1973. Kundinsu Power Up ya fito ranar 13 ga Nuwamba 2020, amma har yau masu niyyar saye ba su daina tambaya a kansa ba. Mun haɗe tambayoyin da suka yi kama da juna.

Tambaya: Ina da Highway to Hell da Back in Black, kuma na haddace su. Wani abokina ya ce kundin AC/DC duk ɗaya ne, suna kawai suke canzawa, don haka sayen Power Up asarar kuɗi ce. Ya abin yake? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, abokinka ya ji daidai, hukuncin da ya yanke ne bai yi ba. Gaskiya ne tsarin kiɗan bai motsa ba tun shekarun 1970. Abin da ya kamata ka tambayi kanka shi ne ko mutanen da suka haura sittin lokacin da suka naɗi kundin, ɗaya ma ya kai saba'in, suna iya riƙe wannan tsari da ƙarfin da yake bukata. Riƙe shi aiki ne, kuma akwai shekarun da ya kuɓuce musu.

Ga abin da ba ya canzawa, don ka san me za ka kasa kunne a kai. Mai ganga, Phil Rudd, yana taka babbar gangar ƙafa a bugu na 1 da na 3, yana dukan ƙaramar gangar gabansa a na 2 da na 4, kuma da wuya ka ji ya yi wata gwaninta a tsakanin baitoci. Mai jitar bas, Cliff Williams, sau da yawa sauti ɗaya yake nanatawa, takwas-takwas, yayin da jitoci ke sauyawa a kansa. Jitoci biyu ne, ta Malcolm ta riƙe kari, ta Angus ta yi ado, kuma dukansu ba a cika musu ƙazantar sauti ba. Sai abu na ƙarshe da mutane ke mantawa, wato shirun da ake bari tsakanin bugu da bugu. A kaɗa, a tsaya cak, a bar ganga ta yi tafiyarta ita kaɗai, sannan a sake kaɗawa. Nauyin da kake ji a ƙirjinka daga wannan tsayawar yake fitowa. Duk wanda ya tashi da waƙoƙin Alhaji Mamman Shata ya san wannan: shekara da shekaru kalangu ne da amshi, babu wanda ya ce masa ya canza, domin abin da ake nema shi ne yadda zai zauna a kan kiɗan yau.

Dalilin da ya sa muka ce tsarin ba ya riƙe kansa shi ne abin da ya faru a tsakiyar shekarun 1980. Rudd ya bar ƙungiyar a 1983, bai dawo ba sai 1994. Ka saurari Fly on the Wall na 1985: jitocin nan dai su ne, amma an lulluɓe gangunan da amsa-kuwwa, muryar mawaƙinsu Brian Johnson ta nutse can ƙasa, shirun nan ya toshe. Mutum ɗaya ya fita, haɗin sauti ya sauya, sai kiɗan ya rasa rawarsa. Da kundinsu duk ɗaya ne, da ba a samu irin wannan bambanci ba.

To, Power Up ya zo ne bayan shekarun da kowa ya ɗauka ƙungiyar ta watse. Malcolm ya ajiye jita a 2014 saboda ciwon mantuwa, ya rasu ranar 18 ga Nuwamba 2017 yana da shekara 64. Rudd ya faɗa shari'a a New Zealand, aka yi rangadin 2015 babu shi. A 2016 likitoci suka gargaɗi Johnson cewa zai kurumce in ya ci gaba da hawa dandamali, sai Axl Rose, mawaƙin ƙungiyar Guns N' Roses, ya ƙarasa rangadin. Williams kuma ya ce ya yi ritaya a ƙarshen wannan rangadi. Angus kaɗai ya rage daga cikin tsofaffin. Amma a 2018 suka sake haɗuwa a asirce a situdiyon Warehouse da ke Vancouver ta Kanada, suka yi kusan mako shida suna naɗa. Johnson ya dawo, Rudd ya dawo, Williams ya dawo, sai Stevie Young, ɗan babban wansu, a gurbin Malcolm. Stevie ba baƙo ba ne, shi ya riƙe wa Malcolm jita a rangadin Amurka na 1988.

Akwai abu biyu da suka sa kundin ya yi kama da na baya, kuma da gangan aka yi su. Na farko, waƙoƙin 12 duka an rubuta sunan Angus da Malcolm a kansu, saboda Angus ya koma cikin ajiyar karin jita da suka tara su biyu, ya zaɓo, aka gina a kai. Malcolm bai kaɗa ko tsirkiya ɗaya a kundin ba, kada mai sayarwa ya ce maka akwai jitarsa a ciki, amma tunaninsa ne ƙashin bayan waƙoƙin. Na biyu, ma'aikatan ba su canza ba. Furodusa Brendan O'Brien shi ya yi musu Black Ice da Rock or Bust, injiniya Mike Fraser yana tare da su tun The Razors Edge na 1990, situdiyon kuma shi ne wanda suke shiga tun Stiff Upper Lip na 2000.

Me za ka samu a ciki wanda babu a faifan da kake da su? Muryoyin amshi sun fi fitowa gaba, ka ji su tun waƙar farko, Realize. Johnson yana da shekara 73 lokacin da kundin ya fito, kuma an bar shi ya rera a inda muryarsa ta zauna, maimakon ihun da ya riƙa shaƙe shi a wasu kundayen shekarun baya. Through the Mists of Time ta fi duk sauran daɗin rerawa, tana da wani taushi da ba a saba ji daga gare su ba, kuma a ganinmu ita ce dalilin mallakar kundin. Demon Fire ita ce mai gudu. Rabin farko ya fi rabi na biyu nesa ba kusa ba. Daga Wild Reputation zuwa Money Shot akwai waƙoƙin da za ka ji su, ka gyaɗa kai, washegari ka kasa tuna karinsu. Babu waƙar da ta faɗi ƙasa warwas, amma kuma babu wadda ta kai manyan waƙoƙin Highway to Hell da Back in Black na 1979 da 1980.

Shawara: ba asara ba ce, amma kada ya zama na ukunka. Ka fara neman Powerage na 1978 da Let There Be Rock na 1977, zamanin Bon Scott, mawaƙinsu kafin Johnson, inda za ka ji ƙungiyar tana da yunwa. Bayan su ka ɗauki Power Up. In ka bi wannan jeri, za ka gane abin da suka yi ƙoƙarin karewa har tsufa.

Tambaya: Kuɗin faifai ɗaya nake da su. Tsakanin Black Ice, Rock or Bust da Power Up, wanne zan ɗauka? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗauki Power Up, sai dai in kana da dalili na musamman.

Black Ice na 2008 yana da waƙa 15, kusan minti 55, kuma shi ne na ƙarshe da Malcolm ya kaɗa jita a ciki. Waƙoƙinsa mafiya kyau sun fi na Power Up, Rock 'n' Roll Train kaɗai ta isa shaida, ga kuma Stormy May Day inda Angus ya goga ƙarfe a kan tsirkiya, abin da ba ya yawan yi. Matsalarsa tsawo. Kiɗan da ke tafiya a kan tsari ɗaya yana gajiyar da kunne bayan minti arba'in, kuma akwai waƙa huɗu ko biyar da za a cire babu wanda zai yi kewarsu. In kai mai koyon jita ne kana son jin hannun Malcolm a sauti na zamani mai tsabta, wannan shi ne dalili na musamman, ɗauki Black Ice.

Rock or Bust na 2014 waƙa 11 ne, wajen minti 35, mafi gajarta a duk kundayensu. An yi shi a lokacin da rashin Malcolm yake sabo, kuma ana jin haka: waƙoƙin suna ƙarewa kafin su yi zafi. Shi ne na ƙarshe a jerinmu. Power Up, mai minti 41, ya tsaya a tsakiya, kuma Stevie ya fi sakin jiki a cikinsa.

Tambaya: Ina son in mallaki kundin a hannuna. CD zan saya, ko baƙin faifai na garmaho, ko in haƙura da saurare a waya? Na ga kuma wani mai akwati da ke kawo wuta. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, kafin ka kashe ko dala, ka saurare shi sau uku a waya. Waƙoƙin AC/DC sun shiga manhajojin saurare tun 2015, Spotify kuma ya iso ƙasashenmu a 2021. Lissafin data mai sauƙi ne. Minti 41 a kan inganci mafi girma, kilobit 320, yana cin kusan megabait 98. A kan 160, kusan 49. A kan 96, kusan 30, amma a nan faifan tagullar ganga sukan fara yin wani sauti kamar ana soya abu, kuma kiɗan Rudd ya dogara da su. Ka sauke shi sau ɗaya a kan 320 inda data take da araha, ka riƙa ji ba tare da intanet ba.

In ya kwanta maka, CD ya fi dacewa da yanayinmu. Ba ya jin ƙura kamar baƙin faifai, yana da sauƙin aikowa, kuma za ka iya kwafe shi a kwamfuta ba tare da ya rasa komai ba, ka zuba a filashi don mota, ka ajiye na asalin. Abin tsoro jabu ne. Ka juya faifan ka dubi bayansa: na kamfani azurfa ne fes, wanda aka ƙona a shago yakan ɗauki launin kore-kore ko shuɗi-shuɗi, kuma kana iya ganin iyakar inda rubutun ya tsaya. Ka dubi zoben da ke kusa da ramin tsakiya a cikin haske, na gaske yana da jerin lambobi da ƙananan haruffan IFPI. Ka duba sunan Columbia da Sony a bango. Takardar ciki in hotunanta sun yi dishi-dishi, ko jan launin tambarin ya koma ruwan lemo, ka ajiye. Jabun yakan yi aiki na ɗan lokaci, sai ya fara tsalle a mota, domin rinin da ke jikinsa ba ya jure zafi.

Baƙin faifai yana da daɗinsa, kuma wannan kundin ya dace da shi: waƙa shida a kowane gefe, wajen minti 20, faifai ɗaya ya ɗauke, ba kamar Black Ice da ya ci biyu ba. Amma ka san abin da za ka shiga. Robar da ake yin sa da ita tana fara lanƙwashewa in zafi ya doshi digiri 60, kuma motar da aka kulle a rana a watan Afrilu tana kaiwa can. Faifai yana iya lalacewa tun a hanya, a bayan mota ko a rumbun ajiyar kaya. Ka sa a aiko maka lokacin sanyi, ko ka ba matafiyi ya riƙo a jakar hannu. Ka roƙi mai sayarwa ya zare faifan daga bangonsa ya ajiye shi a gefe cikin rigar takarda, a tsakanin kwali biyu masu tauri, don kada ya tsaga bakin bangon da girgiza. A gida, a tsaye ake jera su, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, nesa da taga. Rubutun gram 180 da za ka gani nauyi ne kawai, ba ya ƙara kyan sauti, kuma launin ja ko rawaya kwalliya ce.

Sai na'urar kunnawa, inda mutane suka fi yin asara. Wutarmu bolt 220 zuwa 230 ce, mai juyi 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce mai juyi 60. In ka sayo tsohuwar garmaho ta Amurka wadda injinta ke bin juyin wuta, taransifoma zai gyara maka bolt amma ba zai gyara juyi ba. Faifan da ya kamata ya zaga sau 33 da sulusi a minti zai koma wajen 28, muryar Johnson ta yi kauri, kiɗan ya yi nawa. Haka janareta ma, in gudunsa na hawa da sauka, sautin zai riƙa tangaɗi. Ka nemi wadda ke da adafta da aka rubuta 100 zuwa 240 a jiki, ita ba ruwanta da wannan. Ka guji 'yan ƙananan nan masu kamar jakar hannu da lasifika a ciki, allurarsu tana danna faifai da nauyin gram 4 zuwa 6, alhali mai kyau wajen gram 2 take bukata. Ka tabbatar akwai abin ƙara sautin allura, wanda ake rubuta Phono a kansa, ko a jikin garmahon ko a amfilifaya. In babu, za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa, babu bas. Da hunturu, ka share faifan da buroshi mai laushi kafin kowane kunnawa, ka share allurar daga baya zuwa gaba, kuma ka canza ta bayan awa 300 zuwa 500.

Akwatin mai wuta kuwa, CD ɗin nan ne dai a ciki. Tambarin yana haskawa, wata 'yar lasifika tana kaɗa farkon Shot in the Dark, ana cajinsa da wayar USB. Kayan masu tarawa ne. Babu ƙarin waƙa ko ɗaya, kuma batirin da ke ciki ba ya son zafi. In kiɗan kake so, bar shi.

Tambaya: Na sauke kundin, na kunna a lasifikar Bluetooth ɗina, sai na ji hayaniya kawai, komai ya cakuɗe. Laifin kundin ne? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Kusan tabbas laifin lasifikar ne, ɗan'uwa. A yawancin faifan AC/DC an raba jitocin biyu, mai riƙe kari a kunnen hagu, Angus a na dama, murya da bas da ganga a tsakiya. Jitocin ba abu ɗaya tak suke kaɗawa ba, akwai ɗan bambanci a yadda kowa ke kama tsirkiya da lokacin da yake saki, kuma faɗin da kake ji daga nan yake. Ƙaramar lasifika mai baki ɗaya tana haɗe su wuri guda, sai su danne juna.

Gwada wannan. Sa iyafis mai waya, ka shiga saitin wayarka wajen sauƙaƙa amfani ga masu lalurar ji, ka tabbatar ba a kunna sautin mono ba. Kunna Shot in the Dark, ka cire kunnen dama na daƙiƙa talatin, sannan ka mayar ka cire na hagu. In ka ji jitoci biyu daban-daban, to kundin lafiyarsa lau. Daga nan ka kashe duk wani abin ƙara bas. Wannan kiɗa a tsakiyar sauti yake rayuwa, in ka ɗaga bas sai gangar ƙafa ta haɗiye jitar Williams. In za ka yi sayayya, lasifika biyu matsakaita, mita ɗaya da rabi zuwa biyu a tsakaninsu, kai kuma ka zauna a nisa irin wannan, sun fi wata ƙatuwa guda ɗaya mai fitilu.

Ka kuma lura da ƙara. An matse sautin wannan kundi kamar yawancin faifan rok na zamani, don haka ya fi tsofaffin bugu ƙara tun daga tushe, ga shi kiɗan yana sa hannu ya riƙa kai wa maɓalli. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. A desibel 90 ya koma awa 4, a 100 minti 20 kacal. Kada ka wuce kashi 60 na ƙarar waya, kuma in ka cire iyafis ka ji kunnenka na ƙugi, ka wuce gona da iri. Mawaƙin da kake saurare sai da ya yi shekaru bai hau dandamali da ƙungiyar ba saboda kunne.

Tambaya: Ɗana mai shekara 16 ya roƙe ni in saya masa wannan faifai. Na ga hoton wani da ƙaho a wani bangon nasu, kuma an ce mini sunan ƙungiyar ma yana da wata mummunar ma'ana. In saya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Hajiya, sunan dai ba shi da wata ɓoyayyiyar ma'ana. Alamar wutar lantarki ce da ake rubutawa a jikin na'urori, kuma a jikin wata na'urar gida aka gano ta. Amma damuwarki tana da tushe ta wani ɓangaren, kuma ba za mu rufe miki ba. Bangon Highway to Hell yana nuna Angus da ƙahoni, su a wajensu kwalliyar dandamali ce da tsokana. Waƙoƙinsu kuma, tun daga farko har Power Up, suna yawo ne a kan shaye-shaye, mata, rigima, da ambaton wuta da shaiɗan. A wannan kundin akwai mai ambaton mayya a sunanta, akwai mai ambaton aljani, akwai kuma masu zancen batsa a lulluɓe. Ashar ƙarara ba ta da yawa, habaicin ne ya yi yawa, kuma yaro mai jin Turanci zai gane shi. Wannan ma yana cikin abin da ba su taɓa canzawa ba.

Ki buɗe rubutattun baitocin a manhajar saurare, ki karanta na waƙa uku ko huɗu, minti goma ya isa, sannan ki yanke hukunci da sanin abin da ke ciki. Ki kuma tambaye shi abin da yake so a kiɗan. Yara da yawa jitar ce ke jan su, ba su ma bi ta kan baitocin ba. In haka ne, kuɗin ya fi amfani a darasin jita, kuma akwai kiɗan waƙoƙin zalla babu murya da masu koyo ke bi.

Tambaya: Ina koyon jitar lantarki. Na sayi fedar ƙazanta sauti don in samu irin na AC/DC, amma abin da ke fita zuuu ne kawai kamar ƙudan zuma. Me zan ƙara saya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Kada ka ƙara sayen komai tukuna, ka cire fedar. Kuskuren da kusan kowa ke yi ke nan. Kunne yana jin ƙarfi sai ya ɗauka ƙazantar sauti ce, alhali jitar Malcolm kusan tsabtatacciya ce. Tsohuwar Gretsch ce da ya cire mata mazuƙan sauti biyu, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, ya bar na kusa da gada kaɗai, inda tsirkiyoyi ke zama a jikin jita, ya ɗaura mata tsirkiyoyi masu kauri, lamba 12 zuwa 56, ya haɗa ta kai tsaye da amfilifayar Marshall da aka buɗe wa ƙara. Angus kuma Gibson SG da Marshall. Ƙarfin daga hannun dama yake fitowa.

Ga yadda za ka saita abin da kake da shi. Zaɓi mazuƙin sautin da ke kusa da gada. A amfilifaya, maɓallin da aka rubuta Gain ya tsaya a 3 ko 4 cikin 10, bas a 4, tsakiya a 6 ko 7, sama a 5, amsa-kuwwa a sifili. Maɓallin ƙara na jikin jita a 7 ko 8, ka ajiye 10 don lokacin solo, wato inda jita ɗaya ke fitowa gaba ta yi ado. Gwajin shi ne: in ka shafa tsirkiya a hankali sautin ya fito kusan fes, in ka doka da ƙarfi ya yi gurnani. In shafa da duka suna ba da sauti iri ɗaya, Gain ya yi yawa, rage.

Kama tsirkiya ma da bambanci, wato kod, haɗin tsirkiyoyin da ake kaɗawa tare. Ba kod ɗin da ake danne tsirkiyoyi duka da yatsa ɗaya suka fi amfani da shi ba, buɗaɗɗun kod ne na kusa da kan jita, A da D da G da E. A kan G, ka danna gida na uku a tsirkiya ta shida, ka kashe ta biyar da gefen wannan yatsan, ka bar ta huɗu da ta uku a buɗe, ka danna gida na uku a ta biyu da ta farko. A kan A, tsirkiya uku sun isa: ta biyar a buɗe, ta huɗu da ta uku a gida na biyu. Sannan ka koyi kashe sauti da hannu biyu a lokaci guda, tafin dama ya sauka a kan tsirkiyoyi, yatsun hagu su saki. Sa manhajar ƙidayar bugu a 90, ka kaɗa kod uku, ka yi shiru na bugu biyu cur, ka dawo daidai kan lokaci. Minti 15 kullum. Ka naɗi kanka a waya ka saurara. Yawancin masu koyo suna rigan bugu dawowa, kuma wannan gaggawar ce ke kashe rawar kiɗan.

Kada ka yi saurin ɗaura lamba 12 don kwaikwayon Malcolm. Jan da suke yi zai lanƙwasa wuyan jitar da aka saita wa lamba 9, tsirkiyoyin su tashi sama, ramukan kan jita su matse su, sai an kai wa mai gyara. Lamba 10 zuwa 46 ta isa, da abin kaɗawa mai tauri, wajen milimita ɗaya. Da damina ka goge tsirkiya bayan kowane wasa saboda tsatsa, da hunturu ka mayar da jitar cikin jakarta don katakon kada ya bushe.

In daga baya kuɗi sun samu, jita mai mazuƙin sauti mai naɗi biyu za ka fara saya, irin Epiphone SG, domin mai naɗi ɗaya tana da sirantaccen sauti kuma tana kwasar ƙugin wuta. Amfilifaya ta biyo baya. Mai kwalaben wuta irin na Marshall ba ta ba da wannan sauti sai an buɗe ta sosai, abin da ɗakin kwanan ɗalibai ba zai ɗauka ba, kuma ba ta jure hawa da saukar wuta. Irin Boss Katana 50 tana da saitin Crunch da maɓallin rage ƙarfi zuwa rabin wat, wanda ya ishe ka a ɗaki. Ko wacce ka saya, ka haɗa ta da sitabilaiza, kuma kada ka yarda a cire ƙafa ta uku ta fulogi don kashe ƙugi. Tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifayar, in wuta ta zube a ciki babu waya ta ƙasa, ta jikinka za ta bi. In ƙugin yana raguwa duk lokacin da ka taɓa tsirkiya, wannan ba abin damuwa ba ne. In kuwa ka ji ɗan tsikari a yatsa ko a leɓe kusa da makirufo, kashe nan take ka kira mai gyaran wuta ya duba soket ɗin.